Tumbin Mantau da Wuyan Rijiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku da kuka wanke hannu kuka matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, mun gyara zama.

An yi wani mutum a garin Kwarin Ɗorawa, sunansa Mantau. Sana'arsa yasar rijiya, wato ya sauka cikinta ya kwashe lakar da ta taru a gindi, don ruwa ya samu hanyar fitowa. A wajen ubansa ya gaje ta, uban kuma a wajen nasa uban.

Rijiya ɗaya ce tal a garin. Mutanen da suka haƙa ta sun tarar da dutse a tsakiya, suka yi ta sara har suka gaji, suka bar wurin a tsuke. Wannan matsatsin shi ake ce wa wuyan rijiya. Guga yana wucewa lafiya. Mutum kuwa sai siriri, shi ma sai ya ɗaga hannuwansa sama ya fitar da numfashinsa duka. Kuma a al'adar garin ba mai shiga rijiyar sai ɗan gidan masu yasa. A gidan saura mutum biyu, Mantau da wansa Dogara. Tsufa da tari sun hana Dogara sauka, shi ke riƙe igiya a sama.

Mantau siriri ne kamar sandar makiyayi. Matarsa Tasalla ba ta da wani girki mai ƙawa. Tuwon dawa da miyar kuka, wata rana dafaffen wake, wata rana zogale da ɗan ƙuli-ƙuli. Ya ci tun da sauran haske, ya sha ruwa, ya yi hamdala. Duk shekara idan bazara ta yi, ruwa ya ja baya, sai ya ɗaura igiya a ƙugu, Dogara ya zura shi, ya wuce wuyan rijiya sumul.

To, a gindin rijiyar akwai wani ƙaton kwaɗo, ana ce da shi Bududdugi. Lakar nan ita ce shimfiɗarsa, ita ce ɗakin 'ya'yansa. Wata shekara Mantau yana cikin cika guga da laka, sai Bududdugi ya leƙo ya ce, "Mantau, kai ba ka gajiya? Duk shekara sai ka rushe mini gida."

Mantau ya ce, "Yi haƙuri, maƙwabci. Laka ce ke toshe idon ruwa. In na bar ta, ni da kai duka mun rasa."

"Bar mini rabi."

"Zan bar maka ta wancan lungun, inda ba ido. Ta ishe ka."

Bududdugi ya ja da baya. Ya zauna a lungu yana kallo har aka gama aiki. Da aka zo jan Mantau sama, ya ga yadda ya ɗaga hannuwa ya tsuke ciki kafin ya wuce wuyan. Ya daɗe yana kallon wurin. Sa'an nan ya lumshe ido.

Kashegari da hantsi Inna Hakama, mai tuyar ƙosai da waina, ta zo ɗiban ruwa. Ta zura guga ke nan sai ta ji murya daga ƙasa, ƙasa-ƙasa, kamar mai jin kunyar magana: "Kuna shan ruwa, mai ruwa yana ramewa."

Ta ce, "Wane ne?"

Muryar ta ce, "Kuna shan ruwa, mai ruwa yana ramewa. Baƙi suna cewa mutanen Kwarin Ɗorawa marowata ne."

Inna Hakama ta dafe ƙirji. Ta koma gida ba ta gaya wa kowa ba.

Da azahar Ladingo matar mahauci ta zo, ta ji abin da aka ce wa Hakama. Da la'asar Yalwa, mai nakiya da alkaki, ta zo, ita ma ta ji: "Kuna shan ruwa, mai ruwa yana ramewa." Kowacce ta ɗauka ita kaɗai aka zaɓa aka gaya wa.

Da gari ya waye, Mantau yana zaune a zaure yana gyaran igiya, sai ga Inna Hakama da kwano a rufe. Ta buɗe, waina ce tana ninƙaya a mai, ga ƙosai a gefe.

Ya ce, "Inna, suna aka yi?"

Ta ce, "Ba suna ba biki. Dubi haƙarƙarinka, ɗan nan, ana iya ƙirgawa daga bakin kasuwa. Ci."

Akwai wata al'ada a garin da ya kamata ku sani. Idan aka kawo wa mutum abinci da sunansa, mai kawowa ba ta tafiya sai ta ga gindin kwanonta. A rage ko loma ɗaya, an ce girkinta bai yi ba ke nan. A miƙa wa wani, an raina ta. Don haka Inna Hakama ta ja tabarma ta zauna, Mantau ya ci har ta ga gindin kwano.

Da rana Ladingo ta zo da farfesun kayan ciki, kitse yana yawo a kai, da tsire wanda aka jera wa tozo tsakanin yanka da yanka. Ta ce, "Na ji Hakama ta riga ni. Ai tuya ba ta gina mutum. Ci." Ya ci har ta ga gindin kwano.

Bayan isha'i Yalwa ta zo da nakiya da alkaki a jiƙe da zuma, da ƙwaryar kunun zaƙi. Ta ce, "A rufe baki da daɗi, Sarkin Rijiya." Ya ci har ta ga gindin kwano, ya kwanta a kai.

Ya ɗauka abin na kwana ɗaya ne. Ashe kowacce ta ji labarin 'yan'uwanta, ba wadda ta yarda a ce ita ce ta fara gajiya. Safe Hakama, rana Ladingo, dare Yalwa. Da farko yana ci don kunya. Daga baya, gaskiyar magana, in safiya ta yi sai ya sami kansa yana leƙen hanya.

Ku lura da kyau, yara, ba yawan abincin kaɗai ba ne. Tuwon dawa da wake da ganye suna cika ciki su riƙe mutum har yamma. Abin da aka tsamo daga mai, da kitse, da kayan zaƙi, lomarsu ƙarama ce amma abin da ke cikinta da yawa, kuma ba a jimawa baki ya sake nema. Abin da jiki bai ƙone da aiki ba sai ya ajiye. Mantau kuwa in ya ci na safe sai jikinsa ya mutu, ya ce bari rana ta yi sanyi kafin ya je gona. In ya ci na rana sai barci. Hannuwansa suna nan yadda suke, ƙafafunsa suna nan yadda suke. A gaban cikinsa ajiyar ta taru. Kafin a gama girbi, mazugin wandonsa ya koma ƙarƙashin cibiya.

Mutanen gari suka yi ta murna. In ya wuce majalisa sai a ce, "Kai, Mantau, arziki ya zauna! Allah ya ƙara." Yara su bi shi suna cewa a bar su su buga ganga. Shi ma yana dariya, yana shafa tumbin.

Tasalla ce ba ta dariya. Wata rana ta ajiye masa tuwo, ta zauna tana kallonsa yana sunkuyawa zai ɗaura takalmi yana nishi. Ta ce, "Maigida, da wannan cikin za ka shiga rijiya?"

Ya ce, "Bazara da sauranta."

"Tana tafe. Shi kuma ba tafiya yake ba."

Maganar ta tsaya masa a rai. Ya kwana biyu yana tunani, ya ga lallai a rage ci. To, wanne za a rage? Kwanon Hakama ba ya mayuwa. Na Ladingo ba ya mayuwa. Na Yalwa ba ya mayuwa. Kwano ɗaya ne a duniya da zai ture ba a yi zancensa a gari ba. Sai ya ce wa matarsa, "Tasalla, na yanke shawara. Daga yau na bar cin tuwonki da zogalenki, don in rame."

Ta dube shi, ta dubi tuwon. Ta ce, "Shekara nawa kana cin tuwon nan?"

"Tun da aka kawo ki."

"Ya taɓa hana ka wucewa?"

Ta ɗauke akushinta ta shiga ciki. Tun da ya bar tuwon, yunwa ta riƙa kama shi tsakanin kwano da kwano, har ya fara ce wa Yalwa ta ɗan ƙara alkaki.

Bazara ta zo. Ruwa ya ja baya, guga ya fara fitowa rabi ruwa rabi taɓo. Mai gari ya aiko a yi yasa. Jama'a suka taru a bakin rijiya kamar yadda aka saba. Dogara ya ɗaura wa ƙaninsa igiya, ya dubi abin da ya rage a hannunsa bayan ɗaurin, ya girgiza kai.

Mantau ya yi bisimilla ya sauka. Ya iso wuyan, ya ɗaga hannuwa, ya fitar da numfashi. Ƙafafu suka wuce. Cinyoyi suka wuce. Sai tafiya ta tsaya.

Ya ce, "Yaya, saki."

Dogara ya ce, "Na saki."

"Ƙara."

"Mantau, ga igiya nan kwance a ƙafata. Kai ne ba ka tafiya."

Ya mutsa hagu, ya mutsa dama, sai ya ƙara cusa kansa. Dutse ya kama shi ta ko'ina. Ga ƙafafunsa suna lilo a duhu, ga kansa yana kallon ɗan sararin sama da fuskokin mutane kewaye da shi. Daga can ƙasa ya ji wani abu yana dariya, ƙur, ƙur, ƙur, amma bai gane ko mene ne ba, don numfashi ya fara yi masa wuya.

Ya ce, "Yaya, ja ni."

Dogara ya ja. Samari suka kama bayansa suka ja. Ko motsi. Tasalla ta ruga gida ta kwaso karkashi ta jiƙa a ƙwarya, aka zura aka tsiyaya masa ta gefe da gefe har yauƙin ya ratsa tsakaninsa da dutsen. Aka sake ja. Dogara ne a gaba, ya naɗe igiyar a hannunsa na dama, ya kafa ƙafa a itacen bakin rijiya. Mantau ya fito fit, amma a daidai lokacin aka ji ƙas, tsohon ya zauna a ƙasa yana riƙe da kafaɗa.

Ba wanda ya yi dariya. Jama'a suka watse a hankali. Maɗori ya zo ya mai da kafaɗar, ya ce za ta warke amma ba za ta ƙara riƙe nauyi ba.

Ba a yi yasa ba a wannan shekara. Mata suka riƙa tace taɓo da tsumma, jarirai suka yi ta zawo, har Allah ya kawo damina tafkuna suka cika. Dattawa suka zauna suka ce in baɗi ma haka ne, rijiyar ta mutu, sai dai a tashi a bar garin, da gonaki da kaburburan iyaye.

Mantau ya je ya zauna kusa da wansa. Sa'an nan ya ce, "Yaya, ka yafe ni."

Dogara ya ce, "Kafaɗa tawa ce, na yafe. Rijiya ba tawa ba ce."

Da safe Inna Hakama ta zo da kwanonta kamar kullum. Mantau ya gaishe ta har ƙasa, amma bai buɗe ba. Ya ce, "Inna, zauna, zan aika a kira Ladingo da Yalwa."

Da suka taru ya ce, "Iyayena, ba wadda girkinta bai yi ba a cikinku. Ga shaida a jikina. Amma ku zaɓa mini ɗaya. Gindin kwano kuke so ku gani, ko gindin rijiya?"

Ladingo ta ce, "Mu da muka yi don alheri, yau mu ne da laifi?"

Yalwa ta ce, "Ni ba da kaina na fara ba. Rijiyar ce da bakinta ta ce mini kana ramewa."

Hakama ta juyo. "Ke ma ta gaya miki?"

Ladingo ta ce, "A'a, ku tsaya. Ni fa ta gaya wa."

Mantau ya ce, "Muryar, yaya take?"

Yalwa ta kumbura kumatu ta kwaikwaya. Mantau ya tuna dariyar da ya ji a ƙarƙashin ƙafafunsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Maƙwabcina ne." Ya ba su labarin Bududdugi da lakarsa.

Inna Hakama ta yi tsaki, ta ce, "Ni da furfurata, kwaɗo ya aike ni." Sa'an nan ta ce, "Amma hannuna ya saba, ba na iya daina kawowa. Ƙosai ai wake ne. Zan kawo waken a dafe, ba mai, ɗan kaɗan."

Ladingo ta ce, "Ni sai ranar kasuwa, jan nama a gasa, kitsen in ba mai sabulu."

Yalwa ta daɗe tana murza bakin zanenta. Ta ce, "Nawa ba shi da gyara. Sai da Salla, guda ɗaya, kuma ba zan tsaya kallo ba."

Da suka tafi ya shiga gida ya tsaya a bakin madafa. Ya ce, "Tasalla, ko da sauran tuwo?"

Ta ce, "Wanda ke sa ƙiba?"

Ya ce, "Shi."

Ta zuba masa, ta ƙara zogale a gefe.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. In ƙamshin tuya ya taso da safe, sai ya ɗauki fartanya ya bi ta bayan gari don kada ya wuce ƙofar Hakama. Da dare bakinsa ya riƙa neman zaƙi, ya sha ruwa ya juya ga bango. Ya nome gonarsa, ya nome ta Dogara. Wata ya wuce bai ga canji ba, har ya ce wa matarsa aikin banza yake yi. Ta ce ya ci tuwonsa. Fuskarsa ta fara faɗawa, wuyansa ya bi, tumbin ne na ƙarshen sallama, shi ma bai tafi duka ba. Mutanen majalisa da suka yi masa murna a da suka koma cewa, "Mantau, lafiya kuwa? Ko jinya kake?" Ya ce lafiya lau.

Bazara ta sake zagayowa, wannan karon da wuri rijiyar ta ƙafe. Guga ya sauka ya dawo a bushe. Aka taru. Mantau ya ɗaura igiya da kansa, ya dubi wansa da ke zaune a inuwa da hannu a cinya. Samari suka matso, sai Inna Hakama ta ture su. Ta ce, "Ku ba mu wuri. Mu muka ɗora nauyin, mu za mu ji shi a hannunmu." Ta kama igiya, Ladingo ta kama, Yalwa ta kama, Tasalla a gaba. Dogara yana faɗa musu daga zaune: a hankali, ku saki kaɗan, ku tsaya.

Ya iso wuyan. Ya ɗaga hannuwa, ya fitar da numfashi har idonsa ya yi duhu. Ƙafafu suka wuce. Cinyoyi suka wuce. Dutse ya kama cikinsa, ya riƙe, ya kankare masa fata. Ya ƙara matsewa. Sai ya ji kansa yana lilo a sarari.

A ƙasa ba ruwa ko na wanke ido. Lakar shekara biyu ta taru ta toshe idanun ruwa duka, ta bushe ta tsattsage. A tsakiyarta ga Bududdugi, ta kama shi har wuya, kai kawai ke waje, fatarsa ta yi fari fat. 'Ya'yansa tuni sun bi guga sun gudu.

Ya buɗe baki da ƙyar ya ce, "Mantau, ka rame."

Mantau ya ce, "Na ji an ce kana damuwa da hakan."

"Laka na nema."

"Ga ta, ka samu duka."

Ya sa dagi ya fasa lakar, ya ciro kwaɗon ya ajiye gefe. Ya yi ta cika guga mata suna ja, har rana ta karkata. Can ya ji bakin dagin ya yi sanyi. Ya sa hannu ya share, sai ga ruwa yana tsattsafowa, siriri, ya kewaye yatsun ƙafarsa, ya hau idon sawu. Sa'an nan ya ɗebi cikin guga ya girgiza igiya. Daga sama ya ji guɗa.

A gugan ƙarshe ya sa Bududdugi. Kwaɗon ya ce, "Lungun nan da ka ce za ka bar mini fa?"

Mantau ya ce, "Wancan tayin na wancan lokacin ne."

Matan suka kai shi tafkin bayan gari suka juye. Tafkin kuwa duk rani ƙafewa yake. Shi ya sa har yau, in ruwa ya ɗauke, kwaɗo sai ya binne kansa a busasshiyar laka ya yi ta jira, ba ci ba sha, sai damina ta tuna da shi.

Kofin farko na sabon ruwan Dogara aka miƙa wa. Ya karɓa da hannun hagu ya sha.

To, yara, abin da ke ciki ke nan. Ba duk mai cika maka kwano ne ya san inda za ka bi gobe ba, kai ne ka sani. In kuma za a rage, a duba da kyau a ga wanda ya kawo nauyin, kada a kori wanda ba shi da laifi don kawai shi ne ba ya fushi.

Ƙurunƙus, kan ɗan kwaɗo a bakin tafki. Ta ƙare a nan, a rufe wutar da toka, kowa ya nemi tabarmarsa.